Keken Motsa Jiki: Wa Zai Riƙe Linzami, Mahayi Ko Inji?

(Jawabin da wani ɗan kwamitin lafiya ya gabatar a taron ƙungiya na ƙarshen wata, Sabo, Ibadan)



An ɗora mini in yi bayani a kan kekunan motsa jiki da ƙungiya ke niyyar saya ta ajiye a zauren nan, saboda yadda hawan jini da ciwon suga suka addabe mu, mu da muke wuni a zaune a bakin shago ko a kan bencin canji. Kwamiti ya rabu biyu. Samari suna son mai kwamfuta, dattawa suna cewa a sayi na murɗawa da hannu. Tun da kuɗin karo-karo ne, ya kamata kowa ya san abin da ake gardama a kai kafin a ɗaga hannu.

Da farko, irin motsa jikin da ake magana shi ne na a matsa, a sassauta. Wato ka taka feda da ƙarfi na ɗan lokaci, ka huta kana juyawa a hankali, ka sake. Masana a jami'ar Trondheim ta ƙasar Norwe sun shahara da tsarin minti 4 na matsawa, minti 3 na sassautawa, har sau 4. Akwai kuma na wani Bajapane, Izumi Tabata, wanda aka buga bincikensa a 1996: daƙiƙa 20 da iyakar ƙarfi, daƙiƙa 10 hutu, sau 8. Wannan na biyun a kan samari majiya ƙarfi aka gwada shi, don haka kada wani Alhaji mai tumbi irina ya ji minti 4 ne kacal ya ce shi zai yi.

To, ina bambancin kekunan? Mai kwamfuta yana da tsarin da ake kira ERG. Ƙarfin da mahayi ke fitarwa ana auna shi da wat, kamar dai na ƙwan lantarki. In ka ce wa injin 150, to 150 ɗin zai riƙe maka, ko ka so ko ka ƙi. Ka yi saurin juya feda, ya sassauta. Ka rage sauri, ya ƙara tauri. Amfaninsa a fili yake. Ba ka iya yi masa wayo, kuma ba ya barin ka ka zuba duk ƙarfinka a zagayen farko ka zo na uku kana haki. Ga mai yin dogayen zagaye na minti 8 ko 10, wallahi abu ne mai kyau, kai dai ka taka kawai.

Amma fa ga inda gizo ke saƙa. A ce kana juya feda sau 90 a minti, gajiya ta kama ka, ka sauko 60. Injin bai san gajiya ba, lambarsa ya sani. Sai ya ƙara nauyin kowane taki da rabi, don lissafi ya cika. Nauyi ya ƙaru, ƙafa ta ƙara mutuwa, shi kuma ya sake ƙarawa, har feda ta tsaya cik kamar an zuba mata siminti. Duk wanda ya taɓa cin bashin da ke haihuwa ya san irin wannan. Sa'an nan ita kanta lambar daga ina ta fito? Daga gwaji ne: mutum ya taka iyakar ƙarfinsa minti 20, a ɗauki kashi 95 cikin 100 na abin da ya samu, a gina sauran lissafi a kai. Ran da ka yi gwajin ka ƙoshi, ka yi barci. Yau kuwa kana azumin Litinin, ko zazzaɓin cizon sauro bai gama sakinka ba, ko ka kwana a hanya daga Kano. Injin ba ruwansa. Kuma yana ɗaukar 'yan daƙiƙoƙi kafin ya canza nauyi, shi ya sa bai dace da gajerun zagaye irin na daƙiƙa 20 ba.

Ɗaya tsarin kuwa, kai ne da linzami. Ka murɗa tauri daidai gwargwado, ya tsaya a nan, kamar tudun Mokola: tudun ba ya ƙaruwa don ka gaji, in ka rage taki sai dai tafiyarka ta ragu. Mutum yana koyon sauraron jikinsa. Ma'aunin ma mai sauƙi ne. In kana iya yin magana cikakkiya kana takawa, matsakaici kake yi. In kalma biyu ko uku kawai ke fita, ka matsa. Aibinsa shi ne ɗan Adam da son jiki. Wani zai hau ya yi ta hira da waya a kunne, ya sauka ya ce ya yi rabin awa. Maganin wannan, a riƙa hawa biyu-biyu, ɗaya na riƙe da agogo.

Ni dai ra'ayina, mu fara da na hannu. Dalilina na farko shekarunmu da cututtukanmu. Mai hawan jini bai kamata a haɗa shi da injin da ke ƙara nauyi daidai lokacin da ƙarfinsa ya ƙare ba, domin a nan ne mutum ke riƙe numfashi ya yi nishi, jini ya ƙara hawa. Na biyu wuta. Irin waɗanda samarinmu ke gani a waya, na kamfanin Wahoo ko Tacx, yawancinsu sai da lantarki, kuma manhajar Zwift da ake haɗa su da ita tana son intanet da biyan kuɗin wata da kuɗin waje. Wa zai kunna janareta don mutum biyu su taka keke? In sun lalace kuma, wa zai gyara? Na hannu, mai gyaran keke na bakin Adamasingba ma zai iya duba shi. Rarar kuɗin a sayi fanka mai caji, don a zafin kudu, cikin ɗaki, gumi ba ya bushewa kuma zuciya na ƙara bugu.

'Yan'uwa masu shan magani, ku ji wannan da kyau. Wasu magungunan hawan jini, irin su atenolol, suna hana bugun zuciya tashi, saboda haka kada ku bi lambar agogon hannu kuna cewa ba ku matsa ba tukuna. Mai suga da ke yin allurar insulin kada ya hau da yunwa, kuma ya ajiye dabino kusa. Kowa ya fara ganin likita. Ciwon ƙirji ko jiri, a sauka nan take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko 75 na mai ƙarfi, wato rabin awa sau biyar ya isa a fara.

Shawarata ga kwamiti: a sayi uku na hannu yanzu, a ware wa mata ranakunsu da labule. Samari kuwa, in an yi wata shida suna zuwa bayan Asuba ba fashi, su dawo da maganar mai kwamfuta, ni zan fara sa hannu a aljihu.

Allah ya ƙara mana lafiya.