KOKO DA DASKAREWAR JINI

Yau zancenmu a kan koko ne. Ba kokon gero da kuke sha da ƙosai ba, a'a, kokon nan na Kudu, ɗan'uwan goro, wanda ake nomawa a Ondo da ƙasar Gana, ake yin cakulan da garin shayi da shi.

In lauje ya yanke ka a gona, jini yakan zuba kaɗan, sa'an nan ya tsaya. Me ya tsai da shi? Akwai waɗansu 'yan ƙwayoyi cikin jini, ido ba ya ganinsu. Su ke taruwa su manne a bakin ciwo, su toshe shi. Wannan rahama ce. Amma in suka manne a cikin jijiya, gudan jini ya tare hanyar zuciya ko ta ƙwaƙwalwa, shi ke kawo ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

A shekarar 2000 masana a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka suka ba mutane koko mai ƙarfi suka sha, suka auna jininsu. Sai suka ga ƙwayoyin nan sun rage mannewa, kusan yadda asfirin ke sa su. Amma aikin koko na 'yan sa'o'i ne, na asfirin kuwa yakan kai mako guda. A 2022 aka bayyana ƙarshen wani babban gwaji na mutum fiye da 21,000, bai kuwa tabbatar koko ya rage yawan masu kamuwa da cututtukan nan ba.

Ku sani kuma, amfanin koko yana cikin ɗacinsa. Garin da mai shayi ke zuba maka a tashar Tsafe, koko kaɗan ne a ciki, an haɗa shi da sukari da madara. Sha don marmari, ban da mai ciwon sukari.

To, ga abin da za ku riƙe. In likita ya ɗora ka a kan maganin hawan jini ko na tsinka jini, kada ka bari don wani ya ce koko ya isa. Kada kuma ka riƙa shan asfirin kullum da kanka, gama yakan sa ciki ya zub da jini. Tambayi malamin asibiti tukuna.

In bakin mutum ya karkace farat ɗaya, ko hannunsa ya mutu, ko maganarsa ta sarƙe, kada a tsaya dama masa kome. A kai shi asibitin Bunguɗu, ko na Tsafe, ko Asibitin Tarayya na Gusau nan da nan.

Allah ya ba mu lafiya. Sai wani makon.