Samariya: Daga Gayya Zuwa Tarbon Perfe

Ƴan uwa ƴan kasuwa da ma'aikata, ba Saini Kunce ne ya ƙirƙiro samariya ba. Tun kaka da kakanni sarkin samari ke kiran gayya, a nome gonar gajiyayye, a yashe rijiya. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, sojoji suka haramta jam'iyyu, sa'annan suka ɗauko wannan tsohuwar al'ada suka sa mata linzami. Malamai ma aka yi musu ƙungiya guda a 1974, mata kuma a 1975.

Samariya ta gina azuzuwan makaranta da ɗakunan shan magani, wanda ya musa haka bai yi adalci ba. Amma ita ce ke jera jama'a cikin rana don tarbon perfe, ita ce kunnen hukuma a unguwa, har mutum ya riƙa auna maganarsa gaban maƙwabcinsa. Ƙungiyar da ba ta iya ce wa hukuma a'a, ai ma'aikatar gwamnati ce marar albashi.

Da Ali Saibu ya kafa MNSD a 1989, bai sha wahalar neman magoya baya ba, ya tarar da su a jere. A watan Disamba aka zaɓe shi shugaban ƙasa, shi kaɗai ne ɗan takara.