RAWA DA WASAN KWAIKWAYO A KUDANCIN KADUNA: HOTON MAƘWABCI DA MATSAYIN MACE

 

Ya ku 'yan'uwa maza da mata, maganarmu a yau ta shafi abin da da yawa daga cikinmu ke ɗauka nishaɗi ne kawai, wato rawa da wasan kwaikwayo, da irin hoton da suke zana wa 'ya'yanmu na maƙwabci da kuma na 'ya mace.

Kaduna gari ne na haɗaka tun kafuwarsa. A ƙasar Gbagyi Turawan mulkin mallaka suka gina shi, suka dawo da hedkwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917. Da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri a 1957, wasu masaƙu suka biyo baya, sannan kamfanin Peugeot a 1975, sai wannan ɓangare na kudu da kogi ya cika da Hausawa da Fulani da Bajju da Atyap da Ham da Tibi da Yarbawa da Ibo. Injin saƙa ɗaya suke tsayawa a kai, gidan haya ɗaya suke kwana. A wancan zamani idan ɗan wasa ya kwaikwayi Bagwari ko Bafulatani aka yi dariya, mai dariyar yana da maƙwabci na zahiri da zai gwada hoton da shi, ya gane cewa zolaya ce.

Yau al'amarin ya sauya. Rikicin watan Fabrairu da na Mayu 2000 ya ci rayuka fiye da dubu. Na Nuwamba 2002, wanda ya biyo bayan rubutun wata jarida game da gasar sarauniyar kyau ta duniya, ya ci fiye da 200, har aka mayar da gasar Landan. Daga nan akasarin Musulmi suka koma arewa da kogi, akasarin Kirista suka tattara a Sabon Tasha da Narayi da Television da Unguwar Romi. Masaƙu kuma suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon haka, an sami samarin da ba su san ɗan wancan tsallake ba sai a dandali ko a akwatin talabijin ko a wayar hannu. Hoton da ɗan wasa ya nuna masu shi ne iyakar saninsu.

To, wane hoto ake nunawa? A namu wasannin, mutumin kudancin jiha shi ne mai karya Hausa, mai tulun burkutu, wanda ake kira da sunan da shi kansa ya ƙi. Ana cewa Kaje alhali Bajju yake kiran kansa, ana cewa Kataf alhali Atyap ne, Jaba alhali Ham ne. A finafinan kudancin ƙasa kuwa Bahaushe shi ne "aboki" mai gadi, wanda bai san komai ba sai goro da rediyo. Mun san zafin wannan idan an yi mana. Adalci shi ne mu san zafinsa idan mu muka yi. Aya ta 11 cikin Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabobi, ta 13 kuma ta bayyana cewa hikimar bambancin ƙabilu ita ce sanin juna. Barkwancin da muka gada, irin na Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zazzagawa, yana da sharaɗi: kowa na da bakin ramawa. Wasan da ɓangare ɗaya ke dariya, ɗayan na haɗiye fushi, ya fita daga barkwanci.

Sai batun mace. Hoto biyu kawai dandali ya saba kawowa: ko dai wadda aka kulle ba ta da baki, ko wadda aka ce ta sami 'yanci domin ta fito tana karairaya a gaban maza. Duka biyun tauye ta suke yi, domin na farko ya ɓoye hankalinta, na biyu ya mayar da jikinta haja. 'Yancin da za a auna shi ne ilmi, da mallakar dukiya, da gado, da yarda kafin aure, da bakin magana a al'amuran jama'a. Tarihinmu bai rasa misali ba. Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ta kafa 'Yan Taru, mata suna koyar da mata har cikin ƙauyuka. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri sau da dama tana neman wa matan Arewa ƙuri'a, wadda ba su samu ba sai a 1976. Ladi Kwali, 'yar Gbagyi mai ginin tukwane, hotonta na jikin naira 20. Sau nawa muka ga an kwaikwayi rayuwar waɗannan? Sau nawa aka nuna matar ma'aikacin masaƙa da ta riƙe gida da tallar abinci bayan an rufe ƙofar kamfani ba a biya mijinta haƙƙinsa ba?

'Yan'uwa, tsinuwa kaɗai ba ta rufe dandali. An yi bikin al'adu na ƙasa a Kaduna a 1972 da 2017, an yi hawan daba na FESTAC a 1977, kuma ba za a daina taruwa ba. Akwai darasi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda tun daga 1975 sashen wasan kwaikwayo ya riƙa shiga Samaru da Soba, yana jin matsalar jama'a daga bakinsu, sannan su da kansu su tsara wasan su tattauna mafita. Wanda aka bai wa dama ya faɗi labarinsa ba ya zama abin izgili.

Saboda haka muna kira da abu huɗu. Na farko, marubutanmu da malaman Islamiyyu su tsara wasanni masu tsabta, ba tsiraici, ba cakuɗa maza da mata, ba ƙarya a kan kowa. Na biyu, kada a saka wata ƙabila a wasa ba tare da an ji ta bakin 'ya'yanta ba, kuma a kira ta da sunan da ta zaɓa. Na uku, a bar mata su rubuta nasu, su gabatar a tarukan mata. Na huɗu, iyaye su zauna da yara lokacin kallo, su tambaye su: shin haka maƙwabcinmu na Barnawa ko Makera yake?

Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda a da suke gaba da juna, sun fara aikin sulhu tare tun 1995 a wannan gari. Gadar kogin Kaduna tana nan daram. Saura mu hana 'ya'yanmu tsallaka ta da mummunan zato.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya zaunar da garinmu lafiya.