Jawabi Kan Buɗe Shafin Intanet Da Aika Wasiƙar Imel Ga Abokan Ciniki

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, shugabannin ƙungiya, iyayena da 'yan'uwana 'yan kasuwa, barkanmu da haɗuwa.

An ce in yi magana a kan shafin intanet da wasiƙar imel, tunda yaranmu sun matsa wa kowa ya buɗe. To, ni ɗan kasuwa ne, ta nan zan ɓullo wa maganar.

Babban abu shi ne sunan shafin. Adireshin nan mai ƙarewa da .com ko .com.ng haya ne, duk shekara ake sabunta shi kamar kuɗin rumfa. Masu ƙarewa da .ng ƙungiyar NiRA ce ke kula da su. Jama'a, ku tabbata da sunanku da imel ɗinku aka yi rajista, ba da na yaron da ya gina muku ba. In da nasa ya yi, ya tafi hidimar ƙasa ko kuka saɓa, to rumfa tasa ce, kai ɗan kallo ne. Kuma in shekara ta cika ba a biya ba, shafi zai rufe, daga baya wani na iya kama sunan ya sa lambar asusunsa, mutanenka su yi ta tura kuɗi suna zaton kai ne. Kalmar sirri ma ta zauna a hannunka, ka rubuta ka adana tare da takardun rajistar CAC.

Sai fuskar shafin. Mai buɗe shi a waya zai buɗe, wataƙila yana tsaye a Mile 12 ko Bodija, data na ƙarewa. Abin da kake sayarwa, inda rumfarka take, da lambar waya, su fito tun a sama. A rage nauyin hotuna. Hoton buhun albasarka na gaskiya ya fi wanda aka kwaso a intanet. In ka sa farashi, sa kwanan wata a gefe, don kowa ya san na albasa ba ya kwana biyu wuri ɗaya. Mu da ke zaune a nan Kudu, a rubuta da Hausa da Turanci, in da hali har da Yarbanci. Kuma ku duba ƙ da ɗ da ɓ sun fito daidai, kada ƙofa ta koma akwatin banza.

Wasiƙar imel kuwa, kada ka aika wa wanda bai yarda ba. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan, ga shi kuma rashin kunya ne. In mutanen kaɗan ne, zuba adireshinsu a gurbin Bcc, don kada wannan ya ga na wancan, abokin gasarka ya kwashe maka masu saye. Gmail na kyauta yana tsayawa a wajen mutum 500 a rana. In sun fi haka, akwai irin su Mailchimp. A ƙasan kowace wasiƙa bar wurin da mutum zai danna ya ce a daina aiko masa.

Sau ɗaya a wata ya isa, sai ko in sabuwar mota ta sauke kaya. Kuma kowace wasiƙa ta faɗa ɓaro-ɓaro cewa ba ka canza lambar asusu ta imel, duk wanda ya ga haka ya bugo maka waya kafin ya tura ko kwabo.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.