Jawabi Ga Malamai Da Iyayen Yara Na Boɗinga Da Shagari A Kan Fara Karatu

Ya ku malamai da iyayen yara, ku sani abin da ya tashe ni tsaye gabanku yau ƙaramin abu ne ga ido, watau yadda yaro ke fara gane baƙi. Amma a kansa ɗiyanmu da yawa ke shekara uku cikin makaranta su fito hannu wofi.

Na yi koyarwa wata makarantar ƙauye cikin ƙasar Boɗinga, kuma laifin da zan faɗi nawa ne. Kullum safiya ina rubuta baƙaƙen boko ga allo, ina nuni da sanda, yara na amsawa da ƙarfi, e, bi, si, di, har wanda ke wucewa bisa hanya shi ce lalle nan ana karatu. Ran nan na kira wata yarinya wadda ta fi kowa murya, na rubuta mata "baba", na ce karanta. Ta ce, bi, e, bi, e. Na ce to, mene ne? Ta yi shiru tana dubana. Yarinyar nan ba ta yi kure ba ko ɗaya, abin da na ba ta shi ta mayar mini. Na koya mata sunan baƙi da Turanci, ban koya mata sautinsa ba, watau amon da ke fita baki in an zo karanta shi.

Abin kunya gare ni shi ne, ni kaina ba haka aka koya mini ba a makarantar allo. Ku tuna. Da fari babbaƙu: ba guje, jim saɓe, kaf lasan, lam ara. Malam ba shi barinka nan, sai shi kai ka farfaru, ba da wasali bisa ba, da wasali ƙasa bi, da rufu'a bu. Sa'an nan ka riƙa haɗawa, har ka tashi kalma da kanka, ko ba ka taɓa jinta ba. Ƙasar nan ta san wannan hanya tun da daɗewa, ƙasar da Malam Abdullahi ya zauna Boɗinga, Shehu kuma ya zauna Sifawa yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. Da muka shiga ajin boko sai muka tsaya ga babbaƙu, muka bar farfaru ƙofa.

A 2013 aka gwada yaran aji 2 da aji 3 cikin jihohin Sakkwato da Bauci, aka iske mafi yawansu ba su iya karanta ko kalma guda ta Hausa. Bayan haka, cikin wani shiri da aka fara a 2015 da taimakon Amurka, aka kawo littattafan Mu Karanta. Shirin ya ƙare, amma wanda ya buɗe littafin zai ga tsarin: sauti, sa'an nan gaɓa, sa'an nan kalma, sa'an nan ɗan labari. Ashe farfaru ne ya komo mana da sabuwar riga.

To ga yadda nake roƙon a yi. A fara da Hausa, domin yaro ya riga ya san kalmomin, kuma rubutunta ba shi da yaudara irin ta Turanci. A ɗauki baƙi kaɗan, kamar a, n, k, m, kada a jira sai an sauke duka. Cikin kwanaki yaro na haɗa na, ka, ma, shi karanta nama, kaka, mama. Kada a rabe b da ɓ, d da ɗ, k da ƙ da ido kaɗai, a sa kunne: bari da ɓari, kafa da ƙafa. Sh da ts kuwa, baƙi biyu ne ga rubutu, sauti guda ga baki, a faɗa wa yaro haka.

Akwai abu biyu da suka shafe mu nan musamman. Yaronmu na cewa hwara, littafi na rubuta fara. Kada a doke shi, bai yi kure ba, maganar gidansu ce, a nuna masa kawai yadda ake rubuta ta. Na biyu, boko ba shi nuna jan wasali: gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, nan kam ajami ya fi shi. Saboda haka ba a barin yaro ga kalma tilo, sai a sa ta cikin magana, a tambaye shi abin da ya fahimta.

Ku mutanen Shagari, kun san Alhaji Shehu Shagari malamin aji ne kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979, kada ku bari a rena muku aikin aji ɗaya. Ku iyaye, in yaro ya komo gida kada ku ce shi rera, domin hadda na ɓoye wanda bai iya ba. Ku rubuta masa ƙasa kalmar da ba ta cikin littafinsa, da ɗan tsinke, ko ku sa yayansa shi rubuta. In ya kasa, ku je ga malaminsa da ladabi ku tambayi baƙi nawa aka kai, da ko an fara haɗawa.