Awon Jiya Da Awon Yau: Jawabi Kan Hawa Da Saukar Sukari A Jini



Da wuya a sami wani a zauren nan wanda ba shi da mai ciwon sukari a danginsa. Da yake kuwa mu ne 'yan boko, in mun je hutu mu akan miƙa wa 'yar na'urar awo, a ce mu karanta mu fassara. To, a nan mukan yi ɓarna. Tsoho ya kwanta awonsa 130, ya tashi da asuba ya ga 180, sai mu tsare shi da ido mu ce, "Baba, me kuka ci cikin dare?" Ya rantse bai sa kome a baka ba, mu kuwa a zuci ba mu yarda ba. Alhali gaskiya ya faɗa.

Sukari yana shiga jini ta ƙofa biyu. Ta farko kowa ya san ta, watau abinci. Ta biyu ita ce hanta, wadda ke ajiye sukari kamar rumbu, tana sakinsa kaɗan kaɗan sa'ad da mutum bai ci ba. Gab da asuba jiki yakan saki wasu sinadarai masu shirya mutum ya farka, su kuma su sa hanta ta buɗe rumbun nan. Ga mai lafiya, nan take insulin yakan fito daga wani ɗan sashe da ke kwance bayan tumbi, ya shigar da sukarin cikin tsoka. Ga mai ciwon sukari kuwa, ko insulin ɗin ya yi kaɗan, ko jiki ba ya jin kiransa sosai, sai sukarin ya taru. Ɓarawon da muke nema ke nan, hanta ce.

Ko ta ƙofar abinci ma ba a taru an zama ɗaya ba. Tuwon shinkafa, da kunu mai sukari, da lemon kwalba, nan da nan suke ɗaga awo. Wake da miyar ganye kuwa a hankali suke shiga. Mutum ya ci malmala ɗaya ya taka zuwa kasuwa, gobe ya ci irinta ya zauna ofis, awon ba zai zo daidai ba, domin tsoka mai aiki tana zuƙe sukari.

Sai abubuwan da ba mu cika lura da su ba. Zazzaɓi, da miki mai ruɓa, da rashin barci, da fargabar jarrabawa ko ta bashi, duk suna ɗaga awo. Haka ƙishirwa lokacin bazara. Magunguna ma da nasu hannu: deksametason da firednisolon, waɗanda wasu ke saya a kemis ba da izinin likita ba, har don neman ƙiba, suna cilla sukari sama ƙwarai. Kwinin na zazzaɓin cizon sauro kuwa yana iya kayar da shi ƙasa.

Ita kanta na'urar ba ma'asumiya ba ce. Ƙa'idar duniya ta 2013 ta yarda ta kauce da kashi 15 cikin 100 a awon da ya kai 100 ko ya wuce. Ke nan in sukarin gaskiya 200 ne, tana iya nuna 170 ko 230, ba ta kuwa lalace ba. Tsinken awon da aka bari cikin mota a rana yakan yi ƙarya, haka yatsan da ya taɓa mangwaro ko dabino ba a wanke ba. Mu kuma lura, wata na'urar 126 za ta rubuta, wata 7.0, duk abu ɗaya ne. Ninka na biyun sau 18 za a yi. Mun ga gidan da aka tashi hankali a kan wannan kawai.

Saboda haka likitoci ba sa yanke hukunci da awo guda. Akwai gwajin da ake kira HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukari na wata biyu zuwa uku, domin jajayen ƙwayoyin jini sukan yi kamar kwana 120 a raye, sukari yana manne musu. Abin da ya rage namu shi ne littafi: a rubuta awo, da lokacinsa, da abin da aka ci, da maganin da aka sha, a kai wa likita. Kada mu ƙara wa tsoho ƙwaya don mun ga lamba ɗaya ta tashi.

Muna nanata wannan ne domin faɗuwa ta fi hawa saurin kisa. Wanda ya yi allurar insulin ko ya sha gilibenkilamaid, sa'an nan bai ci abinci ba, awonsa na iya yin ƙasa da 70. Sai gumi, da karkarwa, da magana ba kan gado, har a zaci iska ce ta taɓa shi. In yana iya haɗiya, a ba shi cokali uku na sukari cikin ruwa, a sake awo bayan minti 15. In ya suma, kada a ɗura masa kome, a nufi asibiti. Mai azumi ma, shawarar likitoci ita ce ya sha ruwa in awo ya yi ƙasa da 70 ko ya haura 300, ko da saura kaɗan a kira magariba.

Malam Shugaba, mun ga agogo. A nan za mu dakata, mu saurari tambayoyi.