Akwati mai kwaɗo uku: jawabina ga ƴan mata masu rubutu a Waca

Iyayenmu mata da ke zaune can bisa tabarma, ina kwananku, mun gode da kuka baro aikin gida kuka zo. Ƴan uwana da ƙannena na Waca, da ku da kuka taso daga Magariya da Dungas tun da asuba bisa kabu-kabu, sannunku da hanya.

An ce in yi magana kan WhatsApp da Facebook da sauransu, da yadda mata masu rubutu za su haɗa kansu wuri guda. Zan yi. Amma bari in fara da gurup ɗin da na rufe da hannuna, don kada wata ta tashi daga nan tana zaton ni gwana ce.

Lokacin ina karatu a Damagaram na buɗe gurup na WhatsApp don ƴan matan yankinmu masu son rubutu. Na ɗauki adireshin shiga na manna a Facebook, na rubuta a sama: mata zalla. Cikin sati biyu mun wuce mutum 300. Ina ta murna, ina nuna wa ƙawayena. Abin da ban yi tunani ba shi ne, duk wanda ya shiga gurup na WhatsApp yana ganin lambar kowa da ke ciki, kuma hoton fure ko na jaririya da mutum ya liƙa ba shi ke nuna mace ce ba. Maza sun shigo da sunayen mata, ba su ce uffan ba, suka kwashi lambobi suka fice. Sai kira ya fara shigowa tsakar dare.

A cikinmu akwai wata amarya, watanta uku da aure, kuma wayarta a hannun mijinta take kwana. Ƙarfe ɗaya na dare wani ya kira yana kiran sunanta. Sai da iyaye suka zauna kan maganar. Auren bai mutu ba, alhamdu lillahi, amma an karɓe wayar. Wallahi ta fi mu duka iya rubutu, ita ce in ta ba da labarin rijiyar unguwarsu sai ki ji ƙarar guga. Ni na jawo mata, da adireshin nan da na watsa kamar ana rabon goro.

Ko ba wannan ba ma, gurup ɗin ya riga ya zama kasuwa. Barka da Juma'a sau hamsin, tallar turaren wuta, tallar atamfa, bidiyon da kowa ya riga ya gani. In wata ta yi ƙarfin hali ta sako rubutunta, kafin awa guda ya nutse, ba wadda ta karanta.

Da na zo hutu ina ba innata labari, tana tsince wake, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce: "To wa ke riƙe da mabuɗin akwatin naku?" Na ce wane akwati, Inna? Ta ce ai shi ya sa.

Innata ba ta shiga lakwal ba, amma ta daɗe cikin ƙungiyar asusu ta Mata Masu Dubara, kuma na san da yawa daga iyayenmu da ke nan haka suke. Ku ƴan birni da za ku karanta wannan a shafi, wataƙila ba ku sani ba: a nan Nijar aka fara wannan tsari, a jihar Maraɗi, shekarar 1991, tare da ƙungiyar CARE, daga nan ya bazu ƙasashe da dama na Afirka har da wajenta. Yadda yake tafiya ba wuya. Mata ba sa wuce ashirin da biyar zuwa talatin, kuma kowa ta san gidan kowa. Kowane sati ana haɗuwa a yi zubi. Wadda ta makara ta biya tara. Kuɗin na cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, mabuɗan na hannun mata uku daban-daban, ba a buɗewa sai a gaban kowa. Mata da ba su iya karanta sunansu ba sun riƙe dukiyar junansu shekara da shekaru da wannan dubara, ni mai takardar jami'a na kasa riƙe lambobin waya na sati biyu.

To, kan wannan muka sake gini, kuma shi na kawo maku.

Yanzu mu ashirin ne. WhatsApp na barin mutum 1,024 a gurup guda, mun gode masa, ba mu buƙata. Ba a shiga da adireshi. Sai mata biyu na ciki sun ce sun san ki, sannan ɗaya daga masu riƙe da gurup ta kira ki ta ji muryarki. In mun cika ashirin, sabbin zuwa su kafa tasu ƙungiya, mu ba su mace ɗaya ta zauna da su wata uku.

Zubinmu rubutu ne. Kowane sati kowa ta kawo wani abu, ko layi biyar ne. Kwasa kuma bi da bi: sati guda na mace ɗaya ne, duk mu goma sha tara mu karanta nata, mu faɗa mata inda ya yi daɗi da inda ta yi ta zagaye-zagaye, ta gyara. Ranar da ta fitar da shi waje, dukanmu mu ɗora shi a shafukanmu rana ɗaya. Mun gani da idonmu, rubutun da mutane suka taru a kansa da wuri shi ke yin nisa. Wadda ta yi sati uku ba zubi ba karatu, ba ma fushi da ita, sai dai mu kira ta. Sau da yawa za ki tarar ba lalaci ba ne, yaro ne ba lafiya, ko wayar na shagon mai caji an rasa kuɗin karɓowa. Talla kuma ranar Juma'a kawai. Wannan doka ta fi kowace jawo mana rigima, don rabinmu da sana'ar waya muke sayen sabulu.

Su kayan aikin, ni haka nake kallonsu. Gurup na WhatsApp ɗaki ne, can ake cire mayafi a yi kuskure a yi dariya. Shafin Facebook zaure ne, baƙo na iya shigowa ya zauna, mai mutunci da marar mutunci. Tashar WhatsApp da aka fito da ita a 2023 kamar rediyo take: ke ke magana, masu bi na saurare, kuma ba sa ganin lambar juna, ba sa ganin taki. Da ita na samu tun farko da ban jefa amaryar nan cikin wahala ba. TikTok kuwa kasuwar Maigatari ce ranar Alhamis. Akwai ciniki, ba na hana kowa, amma ki sani kowa na kallonki, kuma tana shan mega kamar rairayi na shan ruwa.

Abin da ya fi yi mana amfani duk cikin kayan nan shi ne saƙon murya, kuma nan nake so ku ƴan lakwal ku saurare ni da kyau. Mun taso muna jin cewa rubutu na gaske da Faransanci ake yin sa. To wa za ki rubuta wa? Dubi tabarmar can. Wasu cikin iyayenmu suna karanta ajami, wasu ba sa karanta komai, amma duk suna sauraro, kuma sun fi mu gane magana. Shi ya sa kowane rubutu namu da Hausa yake fita, kuma mai shi ta karanta shi da bakinta, kada ya wuce minti uku. Murya ba ta cin mega kamar bidiyo, tana wucewa ko rezo sanda ɗaya ne, ko kina ƙauyen bakin iyaka inda waya ke tsallakawa layin Najeriya ba da saninki ba. Kada ki ce ba ki iya ƙa'idar rubutun Hausa ba. Da yawanmu ba a koya mana ita a aji ba. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, da ɓ da ɗ da ƙ duk suna ciki, ki sa shi, sauran za ki koya a ɗaki.

Yanzu maganar kwaɗo uku. Shafinmu na Facebook mata uku ke riƙe da shi, gurup ma haka, don in an sace wayar ɗaya ko an karɓe ta, gidan bai rufe ba. Kuma ku riƙe wannan kamar karatun sallah: lamba shida da WhatsApp ke turowa ta saƙo, ba a ba kowa ita. Wani zai kira da murya mai daɗi ya ce ya turo maki lamba bisa kuskure, ko ya ce za a sa ki cikin masu samun tallafi. Kina karanta masa, ya ɗauke WhatsApp ɗinki ya shiga roƙon kuɗi da sunanki. Akwai wurin sa lambar sirri ta biyu a cikin saiti, kafin mu tashi za mu sa wa kowa. Sannan duk abin da kika rubuta ki kwafe shi a littafi da biro. Kun tuna bayan zaɓen 2021 an yanke intanet na salula kwana goma a ƙasar nan. Waya kuma tana faɗawa cikin randa.

Akwai abin da ba zan ɓoye maku ba, don ya shafi ƴancinku. Kun san sunan Samira Sabou, ƴar jarida ta Yamai. Ranar 10 ga Yuni 2020 aka kama ta bisa dokar laifukan intanet ta 2019, bayan ɗan shugaban ƙasa na lokacin ya kai ƙarar ɓata suna. Ta yi rubutu a Facebook kan binciken kuɗaɗen ma'aikatar tsaro, ba ta ambaci sunansa ba, wani mai karatu ne ya ambata a ƙarƙashin rubutun. Ta yi kwana 48 a gidan kaso kafin kotu ta sallame ta. A 2022 an cire ɗauri daga hukuncin ɓata suna da zagi ta intanet, a watan Yuni 2024 aka maido da shi: shekara ɗaya zuwa uku, kuma abin da aka ce yana iya tada hankalin jama'a yana kai mutum shekara biyar. Ba don ku tsorata na faɗa ba. Na faɗa ne don ku gane zaure na buƙatar mai shara. Mu kowane dare mace ɗaya ce ke bin abin da baƙi suka rubuta a shafi, ta share zagi da ƙazafi. Kuma a ɗaki, kafin rubutu ya fita, tambaya ɗaya muke yi wa mai shi: kin gani da idonki, ko an ce? In an ce ne, ya zauna tukuna.

Wata za ta ce, da duk wannan haɗari me ya kai mu? A watan Oktoba 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada kan hanyar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su, mafi yawansu mata da yara, kuma daga yankin Kance suka tashi, nan maƙwabtanmu. Duniya ta ji labarin, mu ma a gidajen rediyon waje muka ji. An faɗi adadinsu. Amma abin da mace ke tunani daren da za ta kulle ɗakinta ta goya yaro ta kama wannan hanya, wadda ta zauna da ita a tsakar gida ce kawai za ta iya faɗa. Haka ake cewa kashi 76 cikin ɗari na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18. Muna cikin lissafin, rabin ɗakin nan ma. Kullum a lamba muke fitowa.

Kuma ba sai babban abu ba. Rubutun da ya fi yawo cikin namu, wata ƙanwarmu ce ta yi kan innarta mai ƙuli-ƙuli, wadda ake biya da naira amma da sefa take sayen magani, da yadda faɗuwar naira ta cinye mata riba tana zaune ba ta yi laifin komai ba. Minti biyu da rabi ne. Kwana uku muna samun amsa da murya daga mata masu saida rogo da rake da man gyaɗa, kowace na ba da nata lissafin, har wasu suka fara gaya wa juna inda canji ya fi sauƙi.

Saura maganar maza, don na ga kuna kallon juna. Mu kafin mace ta shiga, in tana so, mu biyu mukan je gidansu mu gaida mahaifinta ko maigidanta, mu nuna masa shafin, mu kunna masa murya ɗaya ya ji. Ƙawayena na Yamai sun yi mini faɗa kan wannan, suka ce neman izini ne kan abin da yake haƙƙinta. Na ji su, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma ni na ga wayar da aka karɓe, su ba su gani ba. Gaisuwar minti goma ta fi mini sauƙi. Wasu mazan ma daga baya su ke tambaya yaushe ne satin matarsu.

Takarda na zagayawa yanzu. Ki rubuta sunanki da garinku kawai, kada ki sa lamba, lambar za ki faɗa wa mai riƙe da ƙungiyarku baki da baki. Wadda ba ta da waya ita ma ta rubuta, za mu haɗa ta da maƙwabciya mai waya, ta riƙa kawo nata a takarda. Ƴan Waca ku zauna nan gaba, ƴan Magariya gefen taga, ƴan Dungas bakin ƙofa, kowace ƙungiya ta fitar da mata uku masu mabuɗi kafin azahar. Inna, ku da kuka saba da akwati, don Allah ku matso ku taya su zaɓe.